Kyamarar DSLR ta farko don hotunan iyali: abin da zaka duba kafin ka miƙa kuɗinka

Hoton ranar da 'yata ta fara tafiya yana nan a kwamfutata har yau, kuma duk wanda na nuna wa sai ya ƙura ido ya tambaye ni wai mene ne wannan ɗin. Kujera ta fito tsaf, labule ya fito tsaf har zaren jikinsa zaka iya ƙirgawa, amma ita yarinyar da aka yi abin dominta ta koma wani hayaƙi-hayaƙi mai jar riga a tsakiyar falo. Lokacin kuwa kyamarar sabuwa ce dal, ko sati uku bata yi a hannuna ba. Na yi ta jin haushinta, sai daga baya na gane ni ne da laifi, duk hankalina na kan gangar jikin kyamarar da lambar megafiksel ɗin da ke jikin kwali, gilashin da ke gabanta kuwa, wanda masu sana'ar ke ce wa lensi, ko kallo bai ishe ni ba.

Shi yasa da ƙanina ya kira ni yace "Yaya wace DSLR zan saya ne, madam ta kusa sauka, ina so in fara ɗaukar yaron tun ranar farko", ban ambata masa sunan ko ɗaya ba, nace fara gaya min a ina zaka riƙa ɗaukar hoton. Yayi dariya yace "a gida mana Yaya, ina kuma?" To kaga amsar kenan. Hoton iyali galibi a cikin ɗaki ake yinsa, da yamma ko da dare bayan kowa ya dawo, hasken ƙwan lantarki ne kawai, kuma wanda kake son ɗauka baya zama wuri ɗaya ko na sakan biyu. Saboda haka abin da kake nema shi ne kyamarar da ke iya tattara haske kaɗan ta yi aiki da shi, ta kama fuska da sauri, kuma bata yi nauyin da zaka riƙa jin ƙyuyar ɗaukarta ba. Sauran surutun da ke jikin kwali duk bayan waɗannan suke.

Wai me ya bambanta DSLR da sauran?

Madubi ne. A cikinta akwai ɗan madubi a karkace, haske ya shigo ta lensi ya bugi madubin ya hau sama ya fito ta 'yar tagar da kake kafa ido, abin da kake gani shi ne ainihin abin da ke gabanka ba hoton talabijin ba. Kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, shota, wato ɗan labulen da ke tare haske, ta buɗe, haske ya sauka kan sensa, farantin da ke mayar da shi hoto, shi ne ƙarar nan ta "ƙyat" da kake ji. Amfanin wannan tsari ga mai iyali guda biyu ne da nake gani, babu jinkiri tsakanin motsin yaro da abin da idonka ke gani, sannan batir yana daɗewa sosai tunda ba sikirin ke cinsa ba. Nikon D3500 misali an auna tana kaiwa hoto 1,550 a caji ɗaya, Canon 250D kuma 1,070 in kana leƙawa ta taga, wato sai ka yi tafiyar kwana uku da iyali baka nemi caja ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar ka ji a wani wuri kace na ɓoye. Tun 2018 da Canon ta fito da tsarin RF, Nikon ta fito da Z, hankalin kamfanonin nan biyu ya koma kan kyamarori marasa madubi, sabbin ƙananan DSLR kusan an daina ƙirƙiro su, D3500 da D5600 ma Nikon ta daina yinsu. Pentax ce kawai ta kafe a kan madubi. In kuɗinka ya kai kuma kana son kyamarar da ke bin idon yaro da kanta duk inda ya juya, duba irin su Canon R50 ko Nikon Z50, ba zan hana ka ba. Sai dai wannan ƙaurar da mutane suka yi ita ce ribar mai sayen DSLR, domin kyamarori da lensuna na hannu masu lafiya sun cika kasuwa, kuma hoton da suke fitarwa bai tsufa ba don an fito da wata sabuwa. Ko nan gaba ka koma marar madubi, lensunanka basu zama asara ba, akwai adafta, ta Canon ana ce mata EF-EOS R, ta Nikon kuma FTZ.

Maganar megafiksel, a taƙaice

Manta da ita. Kusan duk ƙananan DSLR na shekarun baya-bayan nan 24 ne, wato hoto mai ɗigo 6000 a faɗi 4000 a tsaye, in zaka wanke shi da inganci mai kyau zai kai kusan santimita 50 da 34, wa ke rataye abin da ya fi haka a falo? Ko mai 18 ta ishe ka har ta yi yawa. Canon 300D da ta buɗe wa talakawan masu hoto ƙofar DSLR a 2003 megafiksel 6 kawai gare ta, kuma an wanke hotuna da ita an saka a firem ba wanda ya yi ƙorafi. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Abin da yasa DSLR ke doke waya a cikin ɗaki girman sensa ne, ta Nikon milimita 23.5 da 15.6, ta Canon 22.3 da 14.9, ana kiran wannan girma APS-C, kuma ya ninka na yawancin wayoyi sau da yawa, shi ke sa fatar yaro ta fito sumul maimakon ta fito kamar an watsa mata yashi.

Gangar jikin: ga waɗanda zaka fi cin karo da su

A ɓangaren Nikon layi biyu ne. Akwai D3300, D3400 da D3500, ta ƙarshen ta fito a 2018, nauyinta gram 415 da batir da memori, tana ɗaukar hoto 5 a sakan, wuraren fokas 11, wato ɗigogin da kake ɗorawa a kan abin da kake son ya fito tsaf, kuma akwai wani saiti a jikinta mai suna Guide da ke jan ka a hankali kamar malami, yana tambayarka me kake son ɗauka. Sikirin ɗinta a kafe yake baya juyawa kuma ba na taɓawa bane. Sai layin sama kaɗan, D5300, D5500 da D5600, su wuraren fokas ɗinsu 39 ne kuma sikirin yana buɗewa ya juya.

Canon kuma sunayensu na rikita mutum saboda kyamara ɗaya suna uku, 250D ta 2019 ita ce Rebel SL3 a Amurka, ita ce Kiss X10 a Japan, 2000D ita ce Rebel T7, 850D ita ce T8i, don haka in kana bincike ka ga sunaye daban kar ka ɗauka wata sabuwa ce. 2000D da 4000D su ne na ƙasa, hoto 3 kawai suke yi a sakan, fokas 9, sikirin a kafe, 4000D ma bakin da ake ɗaura lensi na roba ne. Ni dai in don yara masu gudu ne bana ba da shawararsu, araha bata ado. 250D da yayarta 200D ƙanana ne masu sauƙin riƙo, ta taga fokas 9 ne su ma, amma in ka kunna sikirin suna da wani tsari da Canon ke kira Dual Pixel wanda ke kama fuska da sauri, ka taɓa fuskar yaro a sikirin kawai ta bi shi. 800D da 850D kuma wuraren fokas 45 ne, in ka samu ɗaya mai lafiya kuma bata cinye maka kuɗin lensi ba to ka dace.

Wannan sikirin mai juyawa da farko na ɗauka ado ne, sai da na gaji da kwanciya rub da ciki a ƙasa don in samu fuskar mai rarrafe. Hoton yaro yana yin kyau ne in kyamara ta sauko daidai idonsa, in ka tsaya a tsaye ka ɗauko shi daga sama sai ka samu ƙaton kai da ƙananan ƙafafu. Da sikirin mai juyawa sai dai ka tsuguna ka sauke hannu ka leƙa daga sama, bayanka ya huta. Kuma in bidiyo na cikin lissafinka, Canon masu Dual Pixel sun fi ƙananan Nikon bin mutum yana motsi, su Nikon ɗin sai ka ga fokas na ta kai-komo kafin ya zauna. Ka kuma duba ramin makirfo, 250D da D5600 suna da shi, D3400 da D3500 babu.

Pentax K-70 da KF ma suna nan, jikinsu a toshe yake saboda yayyafi da ƙura, kuma maganin rawar hannu a cikin gangar yake ba a lensi ba, sai dai samun lensunansu na hannu bai kai na waɗancan biyun sauƙi ba. Canon ko Nikon kuwa, musun nan ba zai ƙare ba, abin da nake ce wa mutane shi ne ka duba wa kake da shi kusa, in yayanka ko abokinka na da Nikon da lensuna uku to sayi Nikon ka riƙa aro, kuma ka samu wanda zaka kira in wani saiti ya cije maka.

Lensi, inda maganar take

Yawanci kyamarar tana zuwa da lensi 18-55mm a kwali. Ba mugu bane, a waje da rana yana aiki tsaf, kuma yana da faɗin da zai kwashe mutum goma a hoto ɗaya. Matsalarsa ƙofar haskensa ƙarama ce. Ka duba jikinsa zaka ga an rubuta 1:3.5-5.6 ko 1:4-5.6, ma'ana in kana kan 18 ƙofar na buɗewa zuwa f/3.5 ko f/4, kana jawo hoto zuwa 55 ta tsuke ta koma f/5.6, kuma lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. To a daidai inda kake son jawo fuskar yaro a nan lensin ya fi rowar haske. Kyamara kuma in haske yayi mata kaɗan sai ta bar shota a buɗe ta daɗe tana tattarawa, misali 1/30 na sakan, a wannan ɗan lokacin kujera bata motsa ba amma yaro ya riga ya juya kai ya ɗaga hannu, abin da ya same ni kenan da mai jar riga.

Yanzu ɗauki lensi mai f/1.8. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. A falon nan dai, ƙarƙashin ƙwan nan dai, inda wancan ya baka 1/30 wannan zai baka kusan 1/300, yaro ya tsaya cak a hoto har ɗigon yawun da ke haɓarsa. Ga shi kuma yana narkar da abin da ke baya, tarin kayan wasa da igiyar caja da kwandon wanki duk su koma laushi-laushi, fuska kawai ta fito. Kuma abin daɗin shi ne lensunan f/1.8 marasa zum suna cikin mafiya araha a duk layin kamfanonin nan. Don haka in an bani zaɓi tsakanin gangar jiki mai tsada da lensin kwali kawai, ko gangar jiki ta hannu mai shekara shida da lensi f/1.8 a kai, ta biyun zan ɗauka ko tunani ba zan tsaya yi ba.

Zaka ji mai kanti na ce maka ai lensin kwalin na da VR, ko IS in Canon ce, wai yana hana hoto rawa. Gaskiya ne amma rabi. Rawar hannunka yake gyarawa, baya riƙe yaro.

Sai wanne f/1.8 ɗin? Nan ma mutane na faɗawa rami, kowa ya ji ana yabon 50mm sai ya ruga ya saya, ya zo gida ya ga bangon ɗaki ya hana shi ja da baya. A ƙaramar sensa lensi yana matse hoto, na Nikon ka ninka lambar sau 1.5, na Canon sau 1.6, wato 50mm a kan Canon yana nuna maka abin da 80mm zai nuna a kyamara mai babbar sensa. In kana son babban mutum a tsaye ya shiga tun daga kai har ƙafa da 50mm, ko ka juya kyamarar a tsaye sai ka ja baya kusan mita 4, da 35mm kuwa ƙasa da mita 3 ya isa. Saboda haka mai Nikon, AF-S DX 35mm f/1.8G shi ne lensin gida, tun 2009 ya fito kuma har yau ban ga abin da ya kama shi a wannan aiki ba, zaka iya ɗaura shi ka manta da shi wata shida. Mai Canon kuma EF 50mm f/1.8 STM yana da kyau ƙwarai wurin fuska da jariri a kwance da wasa a tsakar gida, amma in ɗakunanka ƙanana ne ka duba EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan siriri ne kamar murfin kwalba, bai kai wancan shan haske ba amma ya ninka f/5.6 sau huɗu kuma yana kwashe ɗaki. In kuma baka iya rabuwa da zum, Sigma da Tamron duk sun yi 17-50mm mai f/2.8 wanda ƙofarsa bata tsukewa ko ka jawo, ya fi nauyi dai.

Ga dabara kafin ka saya, in kana da lensin kwali ka murɗa shi ka tsayar a 35 ka yini a haka baka taɓa zum ba, gobe ka tsayar a 50, jibi a 24, da kanka zaka ji wanne ya dace da gidanka.

Tarko biyu ko uku da ya kamata ka sani. Ƙananan Nikon, duk layin D3000 da D5000, babu ɗan injin da ke juya fokas a cikin gangarsu, dole lensin ya zo da nasa, wato ka nemi mai AF-S ko AF-P a sunansa. In ka sayi tsohon 50mm f/1.8D don ka ga ya fi araha zai ɗauru lafiya lau amma da hannu zaka riƙa murɗa fokas, ka gwada haka da ɗan shekara biyu ka bani labari. Mai G a ƙarshe kake so. Su kuma AF-P ɗin basa aiki da tsofaffin jiki irin D3100, D3200 da D5100. A Canon abin ya fi sauƙi, duk lensin EF tun daga 1987 yana aiki a kan waɗannan, EF-S ma haka, amma kar ka rikita su da EF-M ko RF, waɗannan na marasa madubi ne ba zasu hau ba. Sannan 250D da 4000D da wasu 2000D an cire musu ƙarfen tsakiya a mazaunin filash na sama, don haka ba kowane filash na wani kamfani ke tashi a kansu ba, ka gwada kafin ka biya.

Dogon lensi kuma, irin 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon, bar shi tukuna sai yaro ya fara wasannin makaranta ko ƙwallo. In lokacin yayi ka tabbatar akwai IS ko VR a sunansa, don waɗanda ake cusawa cikin haɗin "lensi biyu" sau da yawa marasa shi ne.

Riƙe ta a hannu

Duk karatun da zaka yi, gani ya kori ji. Ka ɗauke ta, yatsunka su zagaye mariƙin, ka ji ko ɗan ƙaramin yatsanka na lilo a iska, ka kafa ido a taga in kana saka tabarau ka ga ko kana ganin kusurwa huɗu. Ka rataya ta a wuya minti biyar. Sannan ka tuna ba kai kaɗai zaka riƙe ta ba, maman yara ma zata ɗauka, watakila ma ta fi ka ɗauka tunda abubuwan dariyar yara basa jiran ka dawo, to in ta yi mata nauyi ko maɓallan sun rikita ta, kyamarar a durowa zata ƙare ana ci gaba da waya. Ku je tare in zai yiwu.

In ta hannu zaka saya

Fara da ƙidayar shota, kamar mita ce a jikin mota. Ƙananan DSLR yawanci an gina shotarsu ta kai danni 100,000, in ka samu mai 15,000 ko 20,000 yarinya ce. Nikon na rubuta lambar a cikin bayanan kowane hoto, ka ɗauki ɗaya ka duba a kwamfuta ko ka ɗora a shafukan da ke karantawa, Canon kuma galibi sai an jona ta da kwamfuta da wata manhaja. Bayan haka ka saita f/16 ko f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton da girma, baƙaƙen ɗigo ƙura ce a kan sensa, wannan ana gogewa ba abin tashin hankali bane, amma dogon layi ko karce ka ajiye musu kayansu. Ka cire lensin ka haska tocilan waya ta cikinsa, ƙura kaɗan ba komai kowane lensi na da ita, amma in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ko saiwa fari-fari to fumfuna ce, damshi ya shige shi, kar ka karɓa ko kyauta don tana ci gaba da yaɗuwa. Ka danna kowane maɓalli, ka juya kowace dabara, ka tada filash, ka buɗe murfin batir ka ga ko akwai tsatsa ko kore-kore, ka saka memorinka ka ɗauki hoto goma a jere ka ga sun shiga. Sannan ka ɗauki fuskar mai sayarwar da kansa a ƙofa mafi girma, ka saka fokas a idonsa, ka buɗe hoton ka ga idon ne ya fito ko kunne. In mutum yana hanzarta ka yana cewa ai lafiyarta ƙalau ba sai an gwada ba, wannan kaɗai ya isa ka juya.

Tarkacen da ake haɗawa

Zaka ga haɗi mai kaya talatin, jaka da filtoci kala-kala da sanda mai ƙafa uku da iska ke kadawa da wasu gilasai da ake murɗawa a gaban lensi wai su ƙara faɗi. Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Abin da kake buƙata memori SD guda biyu masu suna, 32 ko 64 GB, gara biyu matsakaita da ƙato ɗaya don in ɗaya ya lalace ba komai ya tafi ba, sai batir na biyu, sai ɗan famfon roba na hure ƙura da ƙyalle mai laushi, don yatsan yaro sai ya sauka a kan gilashin nan ko ka ƙi ko ka so. Filash na waje mai kai mai juyawa shi ne abu na gaba in kuɗi ya samu, ka harba shi sama ya bugi farin silin haske ya sauko a hankali kamar na taga. Ɗan filash ɗin da ke tashi a kan kyamara kuwa kai tsaye yake dukan fuska, goshi yayi ƙyalli, ido yayi ja, baƙar inuwa a bango, jariri kuma ya firgita. Shi jariri ka kwantar da shi kusa da taga da rana, ka kashe ƙwan ɗaki, ka tsaya ta gefe, ba abin da ya kai wannan.

Makon farko

Kar ka zauna a koren saitin nan na Auto har abada, shi bai san yaro kake ɗauka ba. In yara na motsi ka juya dabara zuwa S a Nikon ko Tv a Canon, inda kai ke zaɓar saurin shota, ka saka 1/250 in wasa suke a zaune, 1/500 in gudu ne, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a kan Auto ita kyamarar ta ji da sauran. Kar ka ji tsoron ganin ISO 1600 ko 3200, hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana saka shi a firem, wanda fuska ta goge kuwa ba gyara. Fokas ka mai da shi AF-C a Nikon ko AI Servo a Canon, ka ɗora ɗigon a fuska ka riƙe maɓalli rabi tana bi, ka kunna ɗauka a jere ka saki uku ko huɗu, ɗaya zai dace. In mutum ɗaya ne a natse ka koma A ko Av, inda kai ke zaɓar girman ƙofa, ka buɗe f/2 ko f/2.8 ka nufi idon da ya fi kusa da kai. Amma ranar da kowa ya taru layi biyu kar ka kuskura ka bar ta a f/1.8, zaka samu hancin na gaba tsaf kakanni a baya sun narke, tsuke ta zuwa f/5.6 ko f/8 ka fitar da su inda haske yake. RAW kuma, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, bar shi sai ka fara sha'awar gyaran hoto a kwamfuta, JPEG mafi girma ya ishe ka yanzu, sai dai duk ƙarshen wata ka kwashe hotunan ka ajiye a wuri biyu daban.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya min, na buɗe hotunan shekarar farko sama da dubu uku na ƙirga waɗanda nake ciki basu kai goma ba, kamar yaran basu da uba. Tun a makon farko ka nemo alamar agogo a jikin kyamarar, ita ce mai jinkirta ɗauka sakan 10, a saitinta zaka iya cewa ta saki hotuna da yawa a jere ba ɗaya ba. Ka ɗora ta a kan tebur ko tarin littattafai daidai ƙirjin mutanen da ke zaune, ka bar wa kanka gurbi a gefe, ka kama fokas a fuskar wanda zaka zauna kusa da shi, f/5.6, ka danna ka ruga. Na farko kullum kana tsakiyar zama ne bakinka a buɗe, na uku ko na huɗu ne ake wankewa.